Rini a Gida: A San Zaren Kafin a Jiƙa Galura

Ana saura kwana huɗu Ƙaramar Sallah wata maƙwabciyarmu ta ɗauko baƙin hijabinta da rana ta cinye, ya yi ja-ja a kafaɗu da tsakar ka. Ta aiki yaro ya sayo ƙullin baƙar galura, ta ɗora ruwa a murhu, ta watsa gishiri kamar yadda aka gaya mata, ta tsoma hijabin tana juyawa da muciya har gumi ya jiƙa ta. Ya fito baƙi wuluk. Da ta kai shi bakin rijiya ta ɗauraye, sai baƙin nan ya bi ruwa ya tafi, hijabi ya koma yadda yake. Ranta ya ɓaci, ta ce mai shago ya sayar mata da jabu. Na karɓi hijabin na murza shi tsakanin yatsu, na ce, "Hajiya, galurarki lafiyarta ƙalau. Yadin ne na roba."

Kusan duk wahalar da masu rini a gida ke sha a yau tana cikin wannan ɗan labari. Kayan rini sun yi araha, sun zo har bakin ƙofa, da kuɗin cefane kaɗan mutum zai sayi abin da zai rine zane biyu. Abin da bai biyo kayan ba shi ne sanin da marini ke gadar wa ɗansa a bakin karofi. Mutane da yawa sun ɗauki rini kamar shafa fenti a bango, wato ka lulluɓe tsohon launi da sabo. Alhali launi shiga yake cikin zare ya kama shi, kuma kowane zare da irin abin da yake yarda ya kama shi. Wanda bai san zarensa ba, ko da galurar da ta fi kowace tsada ya yi aiki, asara zai yi.

Zaren da ke jikin tufafinmu gida uku ne. Akwai na tsiro, wato auduga da danginta irin su lilin da rama, har da wani yadi mai santsi da ake sarrafawa daga ɓargon itace. Akwai na dabba: siliki, ulu, gashi, kuma fata ma a wannan gida take. Sai na roba, wanda ake yi daga man fetur, babbansu foliyesta. Wannan na ukun shi ne ya cika kasuwa yanzu, daga hijabai da abayoyi zuwa rigunan makaranta da yadin da ake ce masa shadda alhali rabinsa roba ne. Foliyesta ba ya shan ruwa, zarensa a toshe yake, kuma a masaƙu sai an kai zafin ruwa wajen digiri 130 a cikin tukunyar matsi, da galura tasa ta musamman, kafin ya buɗe ya karɓi launi. Ruwan tukunyar gida kuwa, ko itacen duniya za a tura masa, a digiri 100 yake tsayawa. Shi ya sa hijabin Hajiya ya ƙi.

Gane zare ba ya bukatar komai sai ashana. A zare ɗan sili daga cikin kalmasa, inda ba za a gani ba, a kunna masa wuta a kan faranti. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi da ke murjewa. Siliki da ulu suna warin ƙonannen gashi, kamar ana babbakar kan rago. Roba kuwa tana noƙewa daga wuta, ta narke, ta dunƙule ta zama ɗan ƙwallo mai tauri. In yadin gauraye ne, za a ga toka da ƙwallon tare, kuma rininsa zai fito fari-fari, domin audugar ce kaɗai ta sha. Akwai kuma abin da ke ba mutane mamaki bayan sun gama: riga ta rinu tsaf, amma ɗinkin tela da aikin wuya sun tsaya farare. Zaren keken ɗinki yawanci na roba ne. Wani lokaci hakan yakan yi kyau, farin aiki a kan shuɗiyar shadda, amma gara mutum ya san haka zai faru tun kafin ya tsoma.

Ita ma galurar ba iri ɗaya ba ce, ko da yake mai shago ƙulli ɗaya yake miƙo maka. Galurar kanti gaba ɗayanta ba ta daɗe a duniya ba. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18 a Landan, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu wani shunayyan launi a maimakonsa, daga nan masana'antar ta tashi. A cikin jikokin wannan launi, uku ne mai rinin gida zai fi haɗuwa da su. Ta farko ita ce ta ruwan zafi da gishiri. Ita ta fi sauƙin aiki, ita kuma ta fi saurin zuba, don rungumar zaren kawai take yi, sabulu na zuwa ta sake shi. Ta biyu, wadda kamfanin ICI na Ingila ya fito da ita a 1956, ɗaurewa take yi da jikin audugar ta zama ɓangarensa, tana son ruwa mai ɗumi da gishiri da sodar wanki mai laushi, kuma in an same ta ita ce ta fi dacewa da gida. Ta ukun ita ce wadda mata masu rinin kamfala da shadda suka fi sani: ana narkar da ita da soda mai ƙuna da wani farin gari mai wari da suke kira haidiros. Wannan ta ukun ita ce ta fi riƙo, ita ta fi hatsari, kuma ita ce 'yar'uwar babanmu na rini na gargajiya ta jini. Don a fahimce ta sai an koma marina.

Masu rinin Ƙofar Mata a Kano suna kai tarihin ramukansu zuwa 1498, ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya tarar da rinannun tufafin birnin suna kaiwa har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Garin Kura ya yi suna da rawanin da har yau ake kira ɗan Kura, Buzaye da sarakuna suna nemansa ruwa a jallo, mata kuma suna da turkuɗi. Har harshenmu ya riƙe shaidar wannan arziki, tunda ga shi har gobe mai kuɗi muke kira mai hannu da shuni.

Abin da ke faruwa a cikin ramin shi ne ya fi ɗaukar hankalina. Shuɗin baba ba ya narkewa a ruwa. Ka niƙa shuni ka zuba a kwano, zai kwanta ne kamar yashi, kuma abin da bai narke ba ba zai shiga zare ba. Marini yakan cika ramin da ruwa, ya zuba busasshen baba da toka da katsi, ya bar shi kwanaki yana ruɓa, yana motsa shi da doguwar sanda. Tokar ce ke ba ruwan kaifi. Ƙananan halittun da ido ba ya gani, waɗanda ke rayuwa a cikin ruɓar, su ne ke cinye iskar da ke ruwan su juyar da shunin zuwa wani abu mai narkewa, mai launin rawaya-kore. Sai a tsoma zane, ya sha, a ɗago shi. Wanda bai taɓa gani ba zai ce rini ya lalace, don zanen kore-kore yake fitowa. Amma yana shan iska, a gaban idonka, sai ya juya shuɗi, domin shunin ya koma halinsa na farko na ƙin narkewa, kuma yanzu a cikin zaren ya maƙale. Marinan da suka gano wannan ba su da sunan ko ɗaya daga cikin halittun nan. Da hanci da harshe da kalar kumfa suke gane ko rami ya nuna, ko ya gaji, ko ya mutu.

Soda da haidiros aikin nan guda suke yi: soda a madadin toka, haidiros a madadin ruɓa. Abin da rami ke yi a kwanaki suna yin sa a minti kaɗan cikin roba. Shunin kanti kansa, wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, sinadari ɗaya ne da na ganyen baba. Saboda haka dokokin marina ba su canza ba don an koma bokiti. Launi mai duhu ba a samun sa da tsoma ɗaya mai tsawo ko da ƙara galura. Ana samun sa ne da tsomawa a ɗago, a bar iska ta yi aikinta, a sake tsomawa, sau da yawa. Wadda ta cika ruwa da galura don ta gama da wuri, launin a bayan zaren zai taru, ya yi ta goguwa a jiki da kujera. Kuma ruwan ba ya son a yi ta kaɗa shi yana kumfa bayan an haɗa, don iskar da ta shiga tana kashe shi kafin zane ya sha. A tsoma a hankali, a matse a ƙarƙashin ruwa, a ɗago ba tare da an bar shi yana tsiyaya cikin bokitin ba.

A nan ya kamata a ce wani abu game da zuba, domin ba kowace zuba ce aibi ba. Ɗan Kura da gangan ake buga masa garin shuni da ƙotar bugu har ya yi ƙyalli kamar ƙarfe, kuma shuɗin da yake bari a goshi da wuya ado ne a wurin masu naɗa shi. Wannan daban da zanen da ke ɓata sauran wanki. Akwai kuma maganar da ta yaɗu cewa in sabon zane yana zuba a jiƙa shi a ruwan gishiri zai daina. Gishiri yana da amfani a lokacin rini, yana tura galura zuwa ga auduga, amma ba ya ɗaure launin da tun farko bai kama ba. Maganin rarar galura wanki ne, a yi ta ɗaurayewa har ruwa ya fito garau.

Kafin a kai ga wannan duka, akwai ƙananan abubuwa da ke raba rini mai kyau da mai dabbare-dabbare. Sabon yadi yana zuwa da sitaci da maiƙon masaƙa, tsohon tufa kuma da datti da turare da man shafawa, duk sai an wanke su da ruwan zafi da sabulu. A tsoma tufa a jiƙe, kada a bushe. Mazubi ya zama mai faɗi yadda zane zai yi iyo, don inda ya naɗe nan fari zai ɓuya. A narkar da garin galura a ɗan kofi a tace shi da ƙyalle, in ba haka ba ƙwayar da ba ta narke ba za ta bar ɗigo. Sannan a tuna sabon launi haɗuwa yake da tsoho: rawayar riga a ruwan shuɗi kore za ta fito, jan zane a shuɗi shunayya, mai duhu kuma ba ya komawa mai haske. Tabon manja ko na tawada ma yakan leƙo ta ƙarƙashin rini, sai dai in baƙi aka yi. Bular da ake sa wa fararen kaya kuwa ba rini ba ce, ɗan shuɗi ne da ke zama a kan zare ya ɓoye jan tsufa, wanki ɗaya ya tafi.

Yanzu da ake ta sha'awar komawa ga itatuwa da ganyaye, ina jin ana faɗin abubuwan da ke bukatar gyara. Ba duk abin da ke ɓata riga ne ke rina ta ba. Zoborodo yana ba da ja mai ɗaukar ido a cikin tukunya, amma sabulu ko kanwa na taɓa shi sai ya koma ruwan toka, rana kuma ta ƙarasa shi. Gangamau yana kama auduga da kansa, rawayarsa kyakkyawa, sai dai ba ya jure rana. Lalle da fata da gashi da ulu yake shiri, shi ya sa yake kama tafin hannu da farce ya yi wa auduga rowa. Yawancin launin tsiro yana bukatar ɗan tsakani da zai riƙe hannunsa ya riƙe na zare. A kan auduga, ɗan tsakanin nan biyu ne a jere: a fara jiƙa zanen a ruwan bagaruwa, ita dai wadda majema ke jima da ita, sannan a sa shi a ruwan alif ɗin da ake kwantar da dattin ruwan sha da shi. Bayan haka ɓawon albasa ma zai ba da ruwan zinariya mai zama. In kuma aka haɗa ruwan bagaruwa da ruwan da tsatsar ƙarfe ta jiƙa a ciki, toka-toka zuwa baƙi ake samu. A kan wannan hanya ce mutanen Mali ke yin zanensu na bogolan: ganyen marke su fara rina zanen rawaya, sannan su zana shi da taɓon da ya daɗe yana ruɓa, ƙarfen da ke cikin taɓon ya haɗu da ruwan ganyen ya zama baƙi. Marken nan ga shi a dajinmu, mun fi saninsa da maganin tari da ƙotar fartanya.

Masu sana'ar hannu su ne ba su taɓa sakin wannan sani gaba ɗaya ba. Dukawa suna samun jan fata daga karan dafi, wata irin dawa da ake shukawa don jan kubenta, su jiƙa shi da ruwan toka ko kanwa, baƙin kuma daga kuloko, wanda shi ma ƙarfe ne tushensa. Fatar jan akuyar Sakkwato da aka rina haka ta ratsa Sahara har Turai, inda aka riƙa kiran ta fatar Maroko saboda ta can ta bi. Mata masu saƙar faifai da tabarma da kwando suna dafa kaba a galura su sami ja da kore da shunayya. Kaba tana da santsin baya da ke hana ruwa shiga, shi ya sa take son tafasa da haƙuri, kuma launinta ya fi daɗewa in kayan a ɗaki suke zaune.

Ado a jikin zane kuwa dabararsa ɗaya ce ko'ina, wato a hana rini isa wani wuri. A ƙulle da zare, ko a ɗaure tsakuwa a ciki, ko a ɗinke a tsuke, ko a ɗiga narkakken kyandir. Matan Abekuta sun shahara da adire, har da wanda ake zanawa da kunun rogo. Matan Bamako sun mai da rinin farar shadda babbar sana'a, har kasuwar Kantin Kwari ana neman aikinsu. Mai koyo a gida ya fara da ƙulli a kan tsohon farin zanen auduga. Abin lura guda shi ne ɗaurin ya yi tauri har yatsa ya yi zafi, in ba haka ba ruwa zai sulale ciki.

Saura maganar da ta fi damuna, wadda na ga ana yi mata riƙon sakainar kashi. Sodar rini tana cin nama. Na ga mata suna tsoma hannu tsirara a ruwanta, ko su ɗaura leda su ce ta isa, fatar yatsu ta tsattsage, farce ya lalace. Marinin gargajiya yana iya yini hannunsa a rami don ruwan toka bai kai wannan kaifi ba, kuma ganin shuɗin hannunsa bai kamata ya ruɗi mai aiki da soda ba. Safar hannu ta roba mai kauri, mai kaiwa gwiwar hannu, wajibi ce. Soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa a kanta, don zafi take haifarwa har ta yi tsalle ta faɗa ido. Ba a haɗa ta a tukunyar alminiyom, tana cin ta. Ba a sa siliki ko ulu a ruwanta, narkar da su take yi. Haidiros kuma in ya ji danshi yakan yi zafi da kansa har ya kama wuta, warinsa yana shaƙe ƙirji, musamman ga mai asma, saboda haka a tsakar gida ake aikinsa inda iska ke kaɗawa, a ajiye shi a rufe a busasshen wuri. Tukunya da muciyar da suka shiga rini sun bar girki ke nan har abada.

Mafi muni shi ne yara. Ruwan soda fari ne tas kamar ruwan sha. In aka bar shi a kofi ko a gorar lemo, yaro mai ƙishi zai kurɓa, kuma ƙunar da yake yi wa maƙogwaro tana iya tsuke hanyar abinci har yaron ya kasa haɗiye ko da kunu, a yi ta zaryar asibiti shekaru. Likitocin yara a ƙasashenmu sun san wannan sarai daga gidajen da ake haɗa sabulu da rini. In tsautsayi ya faru, kada a sa yaro amai, don sodar za ta sake ƙona inda ta bi, kada kuma a ɗura masa manja ko wani jiƙo, a garzaya asibiti da mazubin a hannu. In ido ta shiga, a yi ta kwarara ruwa mai tsabta aƙalla minti 20 kafin ma a tashi tafiya.

Ruwan da ya rage bayan rini shi ma nauyi ne a wuyan mai shi. Kanawa sun ga yadda dagwalon majemu da masaƙu ya yi wa kogin Challawa. Bokiti ɗaya na gida bai kai wannan ba, amma a unguwar da gida goma ke rini, kwata ɗaya suke zubarwa, ita ce kuma awaki ke sha, yara ke tsallakawa ba takalmi, ga rijiyoyi a kusa. Abin da mutum zai iya yi shi ne ya auna galura daidai nauyin tufa don kada rara ta yi yawa, ya tara kayan da zai rina ya yi su rana ɗaya daga mai duhu zuwa mai haske har ruwan ya gaji, sannan ya bar shi ya kwana ya kwanta, ya sirka shi da ruwa mai yawa kafin ya zubar a rami nesa da rijiya da shuka.

Hajiya dai ba ta sa hijabin nan ranar idi ba. Bayan Sallah ta kawo mini wata tsohuwar farar shaddar maigidanta da ta yi ja, muka zare sili muka ƙona, ya bar toka mai laushi. Ta wanke ta da ruwan zafi sau biyu, ta sa safar hannu, ta tsoma ta ɗago har sau biyar tana barin iska tsakani, ta shanya a inuwar darbejiya. Aikin wuyan ya tsaya fari a kan shuɗi mai duhu, aka kai wa masu bugu, maigidan ya sa ta zuwa masallacin Juma'a.